Kwandon Hawa na Huɗu

Ƙarar ba ta kai ta tashi mai barci ba. Kamar a ja tsintsiya a jikin bango ne, sai kuma ɗan ƙwas idan gindin kwandon ya taɓa ƙarfen barandarmu. Ina kicin ina tsince shinkafa ranar da na fara lura da ita. Bayan la'asar ne, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gidan ya yi tsit har ina jin numfashin 'yata daga ɗaki.

Wanda bai zauna a Alƙahira ba sai an yi masa bayani. A can mace ba ta sauka daga bene don sayen burodi. Kowace baranda da kwandonta da doguwar igiya, sabat suke ce masa. Ki leƙa ki kira mai shago, ki zura kwandon ƙasa, ya saka miki abin da kike so, ki jawo. Mu muna hawa na uku a wani tsohon gini a unguwar Hayyin Ashir, don haka kwandon mutanen hawa na huɗu kullum ta gaban barandarmu yake wucewa. Na saba da wucewarsa kamar yadda na saba da mai gas yana buga ƙarfe a jikin tukunya a kan titi. Abin da ban saba da shi ba shi ne ya tsaya. Ranar nan ya tsaya daidai wurinmu. Na ji takun Auta ba takalmi, na ji an buɗe ƙofar baranda a hankali, sannan kwandon ya koma sama, bai ƙarasa ƙasa ba.

Auta ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mama ta rasu bai shiga firamare ba, ni kuma ina ajin ƙarshe a sakandare, sai ya dawo hannuna. Ni na yi masa wanka, ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi, a bayana ya yi ƙyanda. Da Malam, maigidana, ya samu gurbin karatun majistir, wato digiri na biyu, muka tare a Masar, bayan mun zauna da gindinmu Baba ya turo mana shi daga Funtuwa ya yi karatun addini a ma'ahad, makarantar share fagen jami'a. A lokacin da nake ba da labari shekararsa goma sha bakwai. Siriri ne, mai dogayen yatsu, idan zai yi dariya sai ya kare baki da bayan hannu. 'Yata, wadda aka sa wa sunan Mama, bai taɓa kiran ta da komai ba sai "Mamana", ita kuma tana bin sa kamar jela tana Kawu, Kawu.

Yana da hali ɗaya da ke sa ni in ɗaga masa ludayi. Tun yana yaro bai taɓa cin miyata ya yi shiru ba.

"Yaya, ga teku nan kusa da ƙasar nan, gishiri bai ƙare ba."

"Ka ajiye mini kwanona."

"A'a, zan daure. Ladan haƙuri nake nema."

Ya cinye ya kuma miƙo a ƙara.

Zafin shekarar nan ba na manta shi. Shekarar da aka sake sauya gwamnati ce aka sa dokar hana fita. Jiragen sama suna yawo ƙasa ƙasa, makarantu a rufe, waya daga gida ba ta yankewa, kowa yana tambayar ko muna lafiya. Malam ya kafa tasa dokar a kan ta gwamnati: daga gida sai masallacin layinmu, daga masallaci sai gida. Muka zauna mu huɗu a ɗakuna biyu muna jin numfashin juna. Na wanke abin da bai yi datti ba, na kwashe kayan durowa na sake jerawa. Zama ya gagare ni, kwanciya ta gagare ni. Cikin wannan halin kunnena ya kama ƙarar kwandon, kuma da ya kama bai sake ba.

Mutanen hawa na huɗu Hausawan Sudan ne. Kakanninsu suka taso da ƙafa da niyyar aikin hajji suka tsaya a hanya, sai ga jikoki a Alƙahira suna Hausa irin ta tsofaffi, an yayyafa mata Larabci. Maigidan tela ne, shagonsa a unguwar Ainu Shams, mutum mai tsare gida. Matarsa ciwon suga ya kama ƙafafunta, ba ta cika saukowa ba. Suna da budurwa mai kimanin shekara ashirin tana koyon aikin jinya, da ƙaninta, sa'an Auta, yaro mai sanyin murya da ke gaishe ni a matakala kansa a ƙasa.

Da kwandon ya sake tsayawa, na je na tsaya bayan labule na ɗaga kai. Fuska ban gani ba. Hannu na gani riƙe da igiyar, ya sha baƙin lalle irin na Sudan har wuyan hannu. Na saki labulen na koma kicin ina murmushi ni kaɗai. Na san bai kamata ba, na san aikina ne in tsawatar. Amma wani ɓangare na zuciyata cewa ya yi, ashe yaron da na goya ya girma. Har na fara lissafin cewa ta ɗan girme shi, na kuma ba kaina amsa cewa ba a kansa aka fara ba.

Littattafai ne a kwandon. Ƙananan littattafan labarai na matasa, na Turanci da na Larabci, irin waɗanda ake tsinta a kasuwar tsofaffin littattafai ta wajen Ataba, bangonsu duk ya lanƙwashe. Wata rana mangwaro ɗaya a kan littafin, wata rana ƙullin soyayyun 'ya'yan kankana. Daga wajenmu kuma na lura dambun naman da nake ɓoyewa a bayan gwangwanin madara yana raguwa.

"Kwandon nan yana da tarbiyya," na ce masa muna ninke zannuwan gado, shi da gefe ni da gefe. "Ba ya wuce mu sai ya tsaya ya gaishe mu."

Hannunsa ya tsaya cak. "Littattafai ne, Yaya."

"Na sani. Ai da littafi ake farawa. Lallen dai ya kama da kyau."

Ya dube ni, sai kuma ya saki wata dariya da ta zo da sauri fiye da kima, bai ma tuna ya kare bakinsa ba. Na ɗauka kunya ce.

Malam ne ya gano abin ba tare da ya nema ba. Ya fita baranda shan iska da littafinsa, kwandon ya sauko ya kusa taɓa hularsa. Ya ɗaga kai, ya ga abin da na gani. Malam ba mai hayaniya ba ne. Ya shigo kicin ya jawo ƙofa.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Malam. Yara ne."

"Yara ne, shi ya sa. Amana Baba ya ba ni, kuma 'yar mutane ce. Ranar Juma'a in mun fito masallaci zan ja mahaifinta gefe in sanar da shi, a tsayar da abin tun yana igiya."

Gabana ya faɗi, domin matar telan ta taɓa gaya mini da ƙyar ya yarda yarinyar ta shiga makarantar jinya, kuma ya rantse ranar da ya ji wata magana a kanta, karatun ya ƙare. Na ce wa Malam ya bar ni in fara hawa, mace da mace. Ya ce to, amma Juma'a tana nan.

Washegari da hantsi na zuba ɗan turaren wuta a kwalba na hau. Uwar tana barci, yaron ya bi mahaifinsa shago. Yarinyar ta shigar da ni kicin ta ɗora jabana, gahawar nan tasu mai citta da ke ƙona maƙogwaro. Na yi ta kewaye kewaye, na yabi lallenta, na tambayi makaranta. Daga ƙarshe na ce mata maigidana ya ga kwandon, kuma ga abin da ya yi niyya.

Ba ta firgita ba. Ta zuba mini kofi ta zauna a kan buhun gawayi.

"Ya faɗa wa Abuya," ta ce, tana nufin mahaifinta. " Ma'alish, ba komai."

"Ba komai? Karatunki fa?"

"Zai dake ni, ya zaunar da ni shekara guda. Daga baya Ummi ta lallashe shi. Na riga na lissafa."

"Ƙanwata, Auta bai kai ki yi asarar karatunki a kansa ba. Ko gemu bai fara ba. In da gaske kuke, akwai hanyar da manya ke bi."

Ta yi ɗan murmushi tana kallon tafin hannunta. "Yaya, kin taɓa ganin na riƙe littafin Turanci? Ni ko na makaranta da ƙyar nake gamawa. Ni hannu ce kawai. Ƙanina ke zaɓa, shi ke sakawa, ni nake zurawa. Na ce masa kada ya kuskura ya taɓa igiyar nan."

Sai na ji sanyi ya sauko mini, har na yi dariya. "To in tsakanin maza ne, mene ne na wahalar da igiya? Ya sauko ya miƙa masa mana. Matakala nawa ce?"

Ta dube ni. Jabanar tana ta tafasa ba wanda ya sauke.

"Da za su iya haɗa ido a matakala ba a gani a fuskarsu ba, da ba a nemi kwando ba," ta ce. "Ni na gani tun bara. Ke ma kin gani, Yaya, ba ki dai duba ba ne."

Na ajiye kofin. Ina son in ce mata ta ji tsoron Allah, ta daina wannan magana a kan ƙanina. Amma sai abubuwa suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda Auta ke gane tarin yaron daga cikin tarin duk mutanen ginin. Yadda yake jinkirta sa takalmi a bakin ƙofa sai ya ji an sauko daga sama, in an sauko kuma ya kasa ɗaga kai. Azumin Litinin da Alhamis da ya tsiri yi ba fashi, ya rame, ina ta yaba masa.

"Ba abin da suka yi," ta ce. "Wallahi da sun yi da na sani. Karatu suke, wannan ya karanta ya lanƙwasa shafin da ya so, wancan ya karanta ya lanƙwasa nasa. Shi ke nan abin da suke da shi." Ta juya hannayenta ta nuna mini bayansu. "Lallen nan ba na son sa, a asibiti ma faɗa ake mini. Ina sa shi ne don a hango shi daga ƙasa. In aka ce ni ce, an dake ni, khalas, magana ta ƙare. In aka ce shi ne, ba ni da ƙani kuma."

Ban san yadda na sauko ba. Na dai tsinci kaina ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Kwanakin da suka rage kafin Juma'a ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗauki Alƙur'ani sai idona ya tsaya a layi ɗaya. In na tayar da sallah sai in rasa raka'ar da nake. Na san abin da aka karantar da ni, ban manta ko harafi ba, kuma ba na cikin masu wasa da shi. Na kuma san sunayen da ake kiran irin waɗannan yara da su a gida, na ji su a bakin mata a gidan biki ana shewa, ni ma na taɓa yin dariya. Na gwada ɗora ɗaya a kan Auta a zuciyata, ya ƙi zama. Duk sanda na gwada, sai in ga yaron da ya yi ƙyanda a bayana yana kiran Mama cikin zazzaɓi, ni ina amsawa.

Ga kuma Juma'a tana matsowa. In na yi shiru, Malam zai ɗora wa 'yar mutane abin da ba ta yi ba, ni ina kallo. In na faɗi duk abin da na sani, Malam ba zai riƙe shi shi kaɗai ba, zai kira Baba, domin haka ya fahimci amana. Baba kuwa na san shi. Ba duka nake tsoro ba. Cewa zai yi ba shi da ɗa mai wannan suna, kuma bai taɓa janye magana ba.

Ana gobe Alhamis, Auta ya tafi masallaci, na ga ɗaya daga cikin littattafan a kan katifarsa, a fili, bai ɓoye ba. Na ɗauka na zauna a bakin katifar. Turancina na sakandare ne, ya yi tsatsa, amma an rubuta shi da sauƙi don yara masu tasowa. Labarin wani yaro ne a wata ƙasar Turawa mai sanyi, yana ɗauke da irin abin da Auta ke ɗauke da shi, kuma yana da yaya mace. Da na gane haka na daina bin labarin yaron. Na riƙa tsallake shafuka ina neman inda yayar take, ina son in ga me ta yi. Na same ta wajen ƙarshe. Suna cikin mota ya gaya mata, ta tsayar da motar ta rungume shi, ta ce ai ta daɗe da sani, suka je suka sha wani abu mai sanyi. An lanƙwasa kusurwar shafin sau biyu, sama da ƙasa.

Na rufe littafin ina jin haushin yarinyar da ba ta ma wanzu ba. Ita ba ta da Baba a Funtuwa. Ba ta da miji mai jiran Juma'a. Ba ta tashi da asuba ta tsaya gaban Ubangijinta da wannan a ƙirji ba. Amma na daɗe ina shafa lanƙwasar nan biyu da yatsa. Yara biyu, kowanne a hawansa, sun tsaya a shafi ɗaya, kuma ba shafin soyayya ba ne. Shafin yaya ne.

Ranar Alhamis yana azumi. Na kira shi kicin ya taya ni gyaran alayyafo, Malam ya fita, 'yata tana wasa a falo. Muka yi ta tsinka.

"Na hau sama," na ce.

Bai ɗago ba.

"Ta gaya mini wanda ke saka littattafan."

Ya ci gaba da tsinka ganye ɗaya har ya zama zare zare. Da ya yi magana muryarsa ta koma irin ta yara.

"Ban yi komai ba, Yaya. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Na yarda."

"Amma ba zan ce miki babu komai ba. Na gaji da cewa babu." Ya goge hanci da bayan hannu. "Kin ɗauka ban roƙa ba? Tun ina Funtuwa nake roƙo. Na yi azumi, na sha zamzam da niyya, na yi sadaka da kuɗin motata na dawo a ƙafa. Kullum in na farka sai in duba ko an cire, in tarar yana nan."

Na so in miƙa hannu in taɓa kansa. Hannun ya yi nauyi a cinyata. Na so in yi masa wa'azi, na ga duk abin da zan faɗa ya riga ya faɗa wa kansa sau da yawa, da kuka.

"Za ki gaya wa Baba?"

Nan ne ya kamata in yi irin na yarinyar littafin. Ni kuwa gaskiyar abin da ke raina a lokacin na faɗa.

"Ban sani ba, Auta."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya tattara ganyen da ya gyara ya zuba a roba, ya wanke hannu, ya fita. Da aka kira magariba bai sha ruwa a gida ba.

Ranar Juma'a Malam yana gaban madubi yana gyara rawani na shiga na tsaya a bayansa. Na kwana ina juya maganar har ta yi santsi, na cire duk abin da zai zama ƙarya.

"Malam, na hau na bincika. Yarinyar ba ta da laifi ko kaɗan. Ƙaninta ne ke ba Auta aron littattafai, ita igiyar kawai take zurawa."

Ya juyo. "Ƙaninta? Wannan mai sanyin?"

"Shi."

Ya yi dariya har rawanin ya warware. "Subhanallah. Na kusa ɗaukar alhakin 'yar mutane a banza. Allah Ya saka miki, kin tsare ni." Ya sake naɗawa yana girgiza kai. "Samarin yanzu, hawa ɗaya ma sai an yi musu jigila. Ki ce wa yaron ya riƙa saukowa da ƙafarsa, ƙofarmu a buɗe take."

Na ce to. Ya fita yana ƙamshin turare, ni na zauna a bakin gado. Ban faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba, kuma na san abin da na bari a ƙasan harshena. Har yau in na tuna, wata rana in ce rufin asiri ne irin wanda aka umarce mu da shi, wata rana in ce na ɓoye wa mijina abin da ke ƙarƙashin rufinsa. Na bar wa Allah hukuncin, Shi Ya ga abin da na gani.

Da aka buɗe makarantu, yarinyar ta ci gaba da zuwa tata. Lallen ya koɗe, ba ta sake sa wani ba. Kwandon ya koma wuce mu kai tsaye zuwa wurin mai shago, ko gogar ƙarfenmu ba ya yi, kamar an koya masa kauce mana.

Auta kuwa ya ƙaura ba tare da ya ɗauki jaka ba. Da an idar da asuba sai ya haye rufin gini, can tsakanin tankunan ruwa da farantan tauraron ɗan'adam, inda bawwab, mai gadin ginin, ke kiwon tantabaru. Ya ce wa Malam hadda yake, ƙasa akwai zafi. Malam ya yaba. Abinci sai ya sayi wake da burodi a bakin layi. In na ajiye masa kwano na rufe, haka zan tarar da shi. In muka haɗu a falo ya ce "Ina kwana, Yaya" da ladabin baƙo, ya raɓa ta gefe. Na gane jira yake. Duk ƙarar waya a gidan, sai in ji takunsa ya tsaya a matakala.

Na kai bakin matakalar rufin ya fi a ƙirga, in riƙe ƙarfen, in juyo. Me zan ce masa? Ba zan ce masa daidai ne ba, ban yi imani da haka ba, kuma zai gane ina ƙarya. Ba zan ce masa zai wuce ba, ban sani ba. Abin da nake da shi kaɗan ne, na rasa yadda zan mayar da shi magana. Gidan ya yi mini faɗi, abincina ya daina yi mini daɗi. Ba wanda ke kushe shi.

Ranar Lahadi Baba ya kira kamar yadda ya saba. Ya tambayi rikicin gari, ya tambayi takwarar matarsa, sannan ya ce, "Ina Autan? Yana dai kama kansa ko?"

Na dubi silin, kamar zan hango shi ta cikin siminti.

"Yana nan lafiya, Baba. Yana karatu, ba ya wasa da sallah."

"Madalla. Ki riƙe shi da kyau, ke ce uwarsa."

"Ina riƙe da shi, Baba."

Da na ajiye wayar na shiga kicin na jawo ledar kukar da na zo da ita daga gida, wadda nake tattali kamar magani. Saura kaɗan a ƙasa. Na juye duka. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya da daddawar ƙarshe da man shanu, ƙamshin ya cika ginin har matar bawwab ta leƙo tana tambayar me ke ƙonewa. Da na zo kan gishiri na ɗebo cikin tafin hannu, na tsaya ina kallon sa. Na mayar da rabi cikin gwangwani.

Ban san abin da rayuwa za ta yi da ƙanina ba a ranar, yanzu ma ba duka na sani ba. Mutanen hawa na huɗu sun samu tafiya wata ƙasa kafin shekara ta zagayo, suka bar kwandon rataye a barandarsu. Auta ya gama ma'ahad ya shiga jami'a, yana da nasa yaƙin da ba kullum yake ba ni labari ba, ni kuma ina da sujadata da nake sa sunansa a ciki. Amma a wannan yammacin abu ɗaya na sani, shi na zuba a kwano na rufe da faifai.

Na kira 'yata, shekararta shida a lokacin. Na ɗora mata kwanon a hannu biyu.

"Ki kai wa Kawu a sama. Ki bi a hankali, kada ki zubar. Ki ce masa na yi waya da Baba, na ce yana lafiya. Ki ce iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma iyakar abin da zan faɗa ke nan. Maimaita in ji."

Ta maimaita, ta juya maganar gaba ya koma baya, na gyara mata. Ta tafi tana taku ɗaiɗai, harshe a waje.

Na tsaya a ƙofa. Na koma kicin. Na fita baranda na kwashe shanyar da ba ta bushe ba, na sake shanyawa. Aka ɗauke wuta, aka kawo. Tantabarun bawwab suka tashi gaba ɗaya suka zagaya suka sauka. Na fara tunanin ko ya ajiye kwanon a gefe, ko tana can tana wasa ta manta saƙon. Har na sa mayafi zan hau, sai na ji takunta tana saukowa da gudu, kwanon yana ƙara a hannunta, irin ƙarar da kwano ke yi in ba komai a ciki.

Ta miƙo mini shi, an suɗe shi tas. Bakinta duk miya, alamar an ba ta loma.

"Me ya ce?"

Ta ja numfashi, ta gyara tsayuwa irin ta mai isar da saƙon manya.

"Umma, Kawu ya yi kuka kaɗan, amma ya ce yaji ne. Ya ce miyar ba gishiri. Ya ce gobe kada ki aiko ni, zai sauko ya nuna miki yadda ake sawa."